Daga Ascension zuwa Lugbe: Tarihin Zaɓen Mazaunin Tashoshin Gajeren Zango Masu Watsa Hausa

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin Hausar rediyo sun daɗe suna mai da hankali ga abin da ke fitowa daga bakin mai karanta labarai, wato fassara da ƙirƙirar kalmomi da karin harshen da ya rinjayi saura. Ba safai ake waiwayar ƙarafan da ke ɗauko wannan murya su kawo ta kunnen mai sauraro ba, wataƙila don ana ganin wannan fagen injiniyoyi ne. Alhali kuwa wurin da aka kafa waɗannan ƙarafa shi ne ya shata wa Hausar rediyo iyakar inda za ta kai, shi ne kuma ya nuna wanda ke da ikon katse ta ranar da ya ga dama. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka zaɓi mazaunin tashoshin gajeren zango da suka ɗauki Hausa tun daga 1957, sa'an nan a ɗora tashar Muryar Nijeriya ta Lugbe, wadda aka buɗe a 2012, a kan wannan ma'auni.

Domin a sami wuri guda da za a riƙa auna nisa daga gare shi, an ɗauki unguwar Tudun Ƙofa ta cikin garin Keffi, a Jihar Nasarawa. Keffi tana can gefen kudu na farfajiyar Hausa, inda harshen ya zama na ciniki da cuɗanya tsakanin Hausawa da Fulani da Gwandara da Gbagyi da Eggon da Mada. Wani yanki na ƙasarta ya shiga cikin Babban Birnin Tarayya da aka shata a 1976, kuma tsakaninta da Lugbe bai wuce kimanin kilomita 60 a miƙe ba. Za a ga amfanin wannan kusanci nan gaba.

Abin da ake nufi da tashar miƙa murya a nan shi ne tashar da ba ta tsara shiri ko ɗaya, aikinta kawai ta karɓi shirin da aka tsara a wani ɗakin watsa labarai mai nisa, ta ƙara masa ƙarfi, ta cilla shi zuwa ga masu sauraro. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Rediyon waya da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Kano a 1944 yana yin irinsa, domin yakan kamo shirye-shiryen BBC daga Landan ya rarraba su ta waya zuwa akwatunan da aka rataya a gidaje da wuraren taruwar jama'a, tare da shirye-shiryen gida. Bambancin shi ne iyakar wancan ita ce iyakar wayarsa.

2.0 Zango da Tafiyar Murya

A bakin fatake, zango shi ne wurin da ayari ke sauka, shi ne kuma tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Da masu fassara suka buƙaci kalmar da za su kira tsawon igiyar rediyo, sai suka ari wannan, aka sami dogon zango da matsakaicin zango da gajeren zango. Aron ya yi kyau, sai dai ya haifar da ɗan kacici-kacici, domin gajeren zango shi ne ya fi kowanne cin dogon zango. Gajartar a jikin igiyar take. Lambobin nan da masu gabatar da shiri ke jerowa, mita 49 da 41 da 31 da 25 da 19 da 16 da 13, su ne tsawon igiya guda. Idan aka kwatanta, igiyar matsakaicin zango ta Rediyon Nijeriya Kaduna a kan kilohaz 594 ta ɗan haura mita 500.

Igiya mai tsawo takan bi doron ƙasa, tana raguwa har ta ƙare. Gajeriya kuwa ba ta jure bin ƙasa, bayan 'yan kilomitoci kaɗan ta mace. Abin da ke kai ta nesa shi ne wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, wanda hasken rana ke haddasawa a can sama, tsakanin kimanin kilomita 100 zuwa 400 daga ƙasa, wanda masana ke kira ayonosfiya. Idan aka harba igiyar a karkace, sai ta bugi wannan rufi ta tanƙwaro ta sauko a wani wuri mai nisa. Tsalle guda yana iya kaiwa kusan kilomita 4,000. Tana iya sake tashi ta yi tsalle na biyu da na uku, amma kowane tsalle yana rage mata ƙarfi, yana kuma ƙara mata shashsheka da ɗaukewa.

Abubuwa biyu ne suka biyo bayan wannan, kuma a kansu duk tsarin ya ginu. Na farko, akwai wani fili tsakanin inda igiyar ƙasa ta mace da inda ta sama ta fara sauka, wanda murya ke tsallake shi. Mai rediyo a Tudun Ƙofa yana cikin irin wannan fili idan tashar Lugbe ta juya ta fuskanci Turai a kan kilohaz 15120: muryar takan bi ta saman kansa ta wuce, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba, alhali a wannan sa'a mutumin da ke Jamus yana jin ta. Shi kuma muryar da aka harbo daga wani tsibiri mai nisan kimanin kilomita 3,000 a kansa take sauka. Ke nan mai son ya yi wa ƙasar Hausa magana da ƙarfi a kan waɗannan mitoci ba ya buƙatar kafa tasharsa a cikinta. Ya fi masa alheri ya ja da baya gwargwadon tsalle guda.

Na biyu, rufin nan ba ya zama a hali ɗaya. Da rana yakan yi kauri ya iya mayar da mita 13 da 16, da dare kuma ya saki, sai a koma mita 41 da 49. Yana sauyawa da damina da rani, yana kuma bin wani zagaye na tabon rana mai kimanin shekara 11. Wannan ne dalilin da ya sa shirin asuba da na bayan azahar na gidan rediyo ɗaya ba sa zama a kan mita ɗaya, shi ne kuma dalilin sanarwar sauyin mita da akan yi sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, bayan gidajen rediyon duniya sun zauna sun raba mitoci a tsakaninsu don kada wani ya hau kan wani.

3.0 Tashoshin Ƙetare

Ranar 13 ga Maris 1957 ne Sashen Hausa na BBC ya fara aiki, da shirin minti 15 a bakin Aminu Abdullahi Malumfashi. A wancan lokaci daga Ingila ake harbo muryar, nisan kusan kilomita 5,000 daga Keffi, wato fiye da tsalle guda, kuma ta saman Sahara. Ana cikin haka ƙasashen Afirka suka shiga samun mulkin kai, Yaƙin Cacar Baka kuma ya mai da kunnen Ba'afirke abin takara. Masko da Alƙahira sun shigo da Hausa, Sin da Jamus ta Yamma suka fara nasu a 1963. Kowa ya gane cewa wanda muryarsa ta fi fita tangaram shi za a tsaya a kansa, domin mai murɗa rediyo ba ya haƙuri da shashsheka. Daga nan aka shiga neman fili kusa da Afirka ko a cikinta.

Ingila ta zaɓi tsibirin Ascension, wani dutsen aman wuta a tsakiyar Tekun Atilantika ta kudu, mai faɗin murabba'in kilomita 88, aka buɗe tashar a English Bay a 1966 da na'urori huɗu masu ƙarfin kilowat 250 kowace. Ta fuskar jin daɗin zama, babu abin sha'awa a wurin. Babu kogi, babu wutar lantarki, sai da aka gina wa tashar gidan wuta nata na kanta mai aiki da man dizal da jirgin ruwa ke kawowa, aka kuma haɗa da injin tace ruwan teku, har ya zama yawancin mazauna tsibirin sun dogara da wutar da ruwan. Kafin zuwan tauraron ɗan'adam, sai an kamo shirin daga Ingila ta gajeren zango a wata tashar karɓa da ke gefe, sa'an nan a sake harba shi. Amma tsibirin yana da abin da ya rinjayi duk wannan wahala. Yana tsalle guda daga Afirka ta Yamma, babu komai tsakaninsu sai ruwan gishiri, wanda ya fi kowace irin ƙasa taimakon igiyar rediyo. Idan aka juya eriya yamma kuma, ga Amurka ta Kudu. Uwa uba, mallakar Ingila ne, ba shi da 'yan asali da za su nemi 'yanci, babu majalisar da za ta soke yarjejeniya, babu sojan da zai wayi gari ya kewaye shi. Duk wanda ya dubi abin da ya sami sauran tashoshin zai yarda cewa wannan dalili na ƙarshe ya fi na kimiyyar nauyi.

Amurka ta dogara da tsohuwar amintakarta da Laberiya. A zamanin Shugaba William Tubman ta gina babbar tasha a Careysburg, kusa da Monrobiya, wadda ta fara aiki a 1964, nisan kimanin kilomita 2,000 daga Keffi. Da Muryar Amurka ta buɗe Sashen Hausa a watan Janairu 1979, ta tarar da tasha a shirye. Shekara 11 kacal Hausa ta yi tana cin moriyarta. Yaƙin basasar da Charles Taylor ya tayar a ƙarshen 1989 ya iso wurin a 1990, tashar ta yi shiru, aka wawashe ta. Dole Amurka ta yi gaggawar ƙara na'urorin gajeren zango a tasharta ta Botsuwana, ta kuma ƙulla yarjejeniya da ƙasar Sawo Tome a 1992, aka gina sabuwar tasha a Pinheira. Abin lura shi ne a wannan karo tsibiri ta nema. Sawo Tome ba ta kai kilomita 1,000 daga Keffi ba, saboda haka aka iya amfani da mita 60, a kan kilohaz 4960, wadda ke sauka kusa kuma ta dace da shirin asuba.

Jamus ta Yamma ba ta da tsibiri, don haka sai ta yi ciniki. Ta ƙulla yarjejeniya da Ruwanda, wadda ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, aka ba ta tudun Kinyinya a gefen Kigali, ita kuma ta taimaka wa gidan rediyon ƙasar da kayan watsa shirye-shirye. An buɗe tashar a 1965. Kigali tana tsakiyar nahiyar, saboda haka tasha guda ta isa ta ɗauki Hausa zuwa yamma, Suwahili zuwa gabas, Amhara zuwa arewa. Ta tsallake kisan ƙare dangi na 1994, ko da yake sai da sojojin Beljiyam suka kwashe ma'aikatanta Jamusawa. Abin da yaƙi bai yi ba lissafin kuɗi ya yi: a ƙarshen Maris 2015 aka rufe ta bayan shekara 50, aka kwance turakun, Sashen Hausa ya koma hayar sa'o'i a tashoshin wasu.

Akwai kuma darasin Habasha. Tarayyar majami'un Lutheran ta duniya ta buɗe tasharta a Adis Ababa a 1963 da yardar Sarki Haile Selassie, kuma shirye-shiryenta na Hausa a Jos ake tsara su, a ɗakin Muryar Bishara, a aika da faifan can, a harbo shi ya dawo. Ranar 12 ga Maris 1977 gwamnatin soja ta Dergi ta ƙwace tashar, ta mai da ita bakin juyin juya hali. Sin kuwa ta bi ta Mali, inda ta yi amfani da na'urorin da ke kusa da Bamako.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka kafa a Nijeriya, ƙasar da mafi yawan masu sauraron Hausa suke. An riga an ga dalilin kimiyya. Na siyasa ma a fili yake, domin ƙasar da ɗalibanta suka yi bore har aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a watan Janairu 1962 ba wurin da wata gwamnatin waje za ta zuba miliyoyi a kan hayar shekara 30 ba ne. Sakamakon shi ne Hausar da aka fi ji a faɗin duniya ta zama ana tsara ta a Landan da Kolon da Washinton, ana harbo ta daga teku ko daga wani tudu a Ruwanda.

Ta fuskar harshe, wannan ya yi wani amfani da ba a tsara shi ba. Daidaita rubutun Hausa aiki ne da ya sha tsayawa a bakin iyaka. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta Jihar Arewa ce, kuma sai da aka yi taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ana neman sasanta rubutun Nijeriya da na Nijar. Igiyar da ta sauko daga sama kuwa ba ta san Jibiya daga Maraɗi ba. A sa'a guda take sauka a Damagaram da Zangon Kumasi da unguwar Briketeri ta Yawunde da Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ta wannan hanya kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da tsagaita wuta da ƙuri'ar raba gardama da makamai masu linzami suka zama na kowa, har a wurin wanda bai taɓa riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo ba. A gari irin Keffi, inda da yawa daga masu magana da Hausa a kasuwa suka koye ta, kuma bambancin jinsi tsakanin ne da ce yakan yi rauni a bakinsu, rediyon nan ya kasance wurin da ake jin daidaitacciyar Hausa kullum, safe da rana da dare.

4.0 Ikorodu da Lugbe

Nijeriya ta shiga wannan fage ne daga ɗaya ɓangaren, wato a matsayin mai son a ji ta a waje. An kafa Muryar Nijeriya a 1961, a zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, a matsayin sashen ƙetare na gidan rediyon tarayya. Ta fara da na'ura mai kilowat 10, sa'a biyu a rana, da Ingilishi da Faransanci, iyakarta Afirka ta Yamma. A 1963 aka ƙaddamar da na'urori masu kilowat 100, sa'o'in suka koma shida. Mazaunin da aka zaɓa shi ne Ipakodo a Ikorodu, a bakin ruwan Ikko, kuma zaɓi ne mai ma'ana a zamaninsa: fili shimfiɗaɗɗe mai damshi, kusa da tashar jiragen ruwa inda kaya ke sauka, kusa kuma da ɗakunan shirye-shirye na Ikoyi. Daga baya aka sayo na'urori biyar na kamfanin Brown Boveri masu kilowat 500 kowace, ƙarfin da a takarda ya sa Nijeriya cikin manyan Afirka. Gidan ya sami cin gashin kansa daga ranar 5 ga Janairu 1990, aka tabbatar da haka da Doka ta 15 ta 1991, Malam Yaya Abubakar ya zama shugabansa na farko, a 1996 kuma aka ƙara na'urori uku masu kilowat 250. Harsunan da ya riƙa amfani da su sun kai takwas: Ingilishi da Faransanci da Larabci da Suwahili da Hausa da Fulfulde da Yarbanci da Ibo.

Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, batun tasha ta biyu ya zama sai dai a ce yaushe. Hujjojin suna da ƙarfi. Ƙasa ba ta kyautu ta rataya muryarta a ƙusa guda ba, iskar gishiri ta Ikko tana cin ƙarfe, garin kuma ya taso ya kewaye filin Ipakodo. Aka zaɓi Lugbe a kan hanyar filin jirgin sama, aka ba kamfanin Thomson aikin, aka kafa na'urori uku masu kilowat 250. A watan Maris 2012 Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo ya buɗe tashar, a lokacin Abubakar Jijiwa na shugabancin gidan.

Abin da ya fi ɗaukar ido a wurin shi ne eriya mai juyawa, dangin waɗanda Faransa ta kafa a Issoudun. A tsohon tsari, eriyar gajeren zango labule ce ta wayoyi da ake ratayawa tsakanin dogayen turaku, kuma inda aka fuskantar da ita ranar gini nan za ta fuskanta har ta tsufa, sai ɗan karkatarwa kaɗan. Mai son ya kai murya nahiyoyi huɗu sai ya gina labule da yawa, ya ci fili mai yawa. Mai juyawa kuwa a kan gindi guda take, ana murɗa ta ta kalli duk inda ake so. Ga harshe irin Hausa, wanda masu shi suka bazu gabas da yamma a kan tsohuwar hanyar hajji da ta fataucin goro, da wuya a sami kayan aikin da ya fi wannan dacewa. Eriya ɗaya tana iya kallon Sudan da Hijaz a wannan sa'a, ta juyo ta kalli Gana a sa'a ta gaba.

Amma akwai wurare biyu da tsarin ya yi tuntuɓe. Na farko shi ne dogaro da sabuwar fasahar watsa sauti ta lambobi da ake kira DRM, wadda aka yi ta alfahari da ita a lokacin buɗewa. Sautinta garau yake, babu shakka, sai dai tana buƙatar akwatin rediyo na musamman mai tsada, wanda ko a Turai bai yaɗu ba. Rediyon da ke hannun mai shayi ko manomi a Tudun Ƙofa ƙaramin Kchibo ne mai batir biyu, idan ya ci karo da irin wannan sauti ba abin da zai ji sai shuuu.

Na biyu ya fi girma, kuma tsohon ciwo ne. Na'ura mai fitar da kilowat 250 tana shan wutar da ta haura kilowat 300, idan aka kunna uku tare da injinan sanyaya su an doshi megawat guda ko fiye. Wutar kuma dole ta zama tsayayya, domin yawan ɗaukewa da dawowa yana kashe manyan ƙwayayen da ke cikin na'urar, waɗanda ko da lafiya ma suna da adadin sa'o'in da za su yi su ƙare, kuma da kuɗin waje ake sayo su. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatun iska, ga tsawar damina da ke neman duk wani dogon ƙarfe. Waɗanda suka tsara Ascension sun fara da gidan wuta ne kafin eriya. A Nijeriya kuwa an saba ware kuɗin gini a dunƙule, domin gini ana buɗe shi da biki, a bar kuɗin mai da na kayan gyara ga kasafin shekara-shekara wanda ba ya fita a kan kari. Haka na'urorin kilowat 500 na Ikorodu suka lalace ɗaya bayan ɗaya. Ita ma Lugbe ba ta tsira ba, domin a shekarun da suka biyo bayan buɗe ta masu bibiyar gajeren zango sun sha ba da labarin ɗaukewarta na tsawon lokaci, kuma bayan naɗa Jibrin Baba Ndace shugaban gidan a watan Oktoba 2023, farfaɗo da na'urorinta na cikin ayyukan da aka sa a gaba.

Wasu ƙasashen Afirka sun magance wannan ta hanyar haya. Tashar Moyabi ta Gabon, wadda ta fara aiki a 1981 da na'urori masu kilowat 500, ta yi shekaru tana sayar da sa'o'i ga gidajen rediyon Faransa da Japan da Suwizalan. Haka Meyerton ta Afirka ta Kudu ta yi har zuwa rufe ta a 2019. Kuma ba a rasa masu neman haya a Nijeriya ba. Sashen Hausa na Rediyon Faransa, wanda aka buɗe a 2007, a Ikko aka kafa shi, cikin haɗin gwiwa da Muryar Nijeriya kanta, amma daga Issoudun ake harbo shi. Rediyon Manara na ƙungiyar Izala shi ma ya yi hayar sa'o'i a can. Misalin da ya fi ban takaici shi ne na Dandal Kura, gidan rediyon Kanuri da Hausa da aka fara a Kano a 2015 domin al'ummar da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita, ya koma Maiduguri a 2016. Shirin da aka tsara a Barno domin mutanen Barno sai ya tafi Ascension, a tsakiyar teku, kafin ya dawo musu. A lokacin Lugbe tana da shekara uku zuwa huɗu da buɗewa, kuma tsakaninta da Maiduguri kimanin kilomita 700 ne, tazarar da mita 41 da 49 ke rufewa ba tare da wahala ba.

5.0 Makunni

Ana iya cewa zamanin gajeren zango ya wuce, tunda ga FM ga wayar hannu. A birane haka ne. To amma FM ba ta wuce inda turkenta ke hange, kuma turken a cikin ƙasar wani yake. Tun daga ranar 1 ga Afrilu 2004 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Nijeriya ta hana tashoshin gida miƙa labaran ƙetare kai tsaye, abin da ya sa masu sauraro a Nijeriya suka ci gaba da riƙe gajeren zango bayan maƙwabtansu sun fara sakinsa. A Nijar, inda aka bar tashoshin waje suka hau FM, sojojin da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 sun rufe Rediyon Faransa a farkon Agusta na wannan shekara, suka kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Umurnin ya yi aiki a kan turakun Yamai da Maraɗi, bai kai Ascension ba.

Sai dai ita ma murya ta ƙetare tana da mai kashe ta, kuma ba ya shawara da mai sauraro. Rufe Kigali a Jamus aka yanke shi. A tsakiyar Maris 2025, bayan wani umurni na Shugaba Donald Trump, shirye-shiryen Muryar Amurka suka tsaya cak, har da na Hausa, bayan shekara 46 ana yi. Mutanen da suka saba kunna rediyo bayan sallar asuba suka tarar da kiɗa ko shiru, ba tare da an yi musu sallama ba.

A cikin duk manyan tashoshin da aka ambata, Ikorodu da Lugbe ne kaɗai makunninsu ke hannun ƙasar da Hausa take harshen gida. Gaskiya ne murya ce ta gwamnati, kuma ba za ta maye gurbin amincin da masu sauraro suka ba wasu gidajen ƙetare ba sai ta yi aikin samunsa. Amma dokar da ta hana a ba ƙungiyoyin addini da jam'iyyun siyasa lasisi ba ta hana jami'o'i da hukumomin ilmin makiyaya da na lafiya tsara shiri ba, kuma sassan harsunan Nijeriya na jami'o'in tarayya suna da ma'aikatan da za su iya cika sa'o'i da Hausa da Fulfulde da Kanuri. Na'ura ɗaya daga cikin ukun nan, idan an tanadar mata tsayayyar wuta da ƙwayayen canji, a kan kilohaz 7255 da safe da kuma bayan isha'i, za ta iya kaiwa Agadas da Tawa da Garwa da Kumasi a tsalle guda, duk cikinsu babu wanda ya wuce kimanin kilomita 1,000 daga Abuja.